Shin Gaggauta Ƙarin Ruwan Daratumumab Zuwa Minti 90 Yana Da Haɗari Ga Mai Kansar Ɓargo?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Mahaifina mai shekara 64 yana jinyar kansar ɓargo da ake kira mayeloma a wani asibiti a Alƙahira, kuma ana sa masa maganin daratumumab ta jijiya kowane mako. A karon farko wuni ya yi a asibiti, har hancinsa ya toshe ya yi ta tari, aka tsayar da ruwan na ɗan lokaci. Karo na biyu ya wuce lafiya. Yanzu sun ce daga na uku za su riƙa ƙarasa masa cikin minti 90. Yana da hawan jini, kuma hankalina bai kwanta ba. Shin wannan saurin ba zai cutar da shi ba, ko ya rage wa maganin ƙarfi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Abin da likitocinsa suka shirya ba sabon abu ba ne, domin tun shekarar 2018 cibiyoyin jinyar kansa da dama suke bin wannan tsari, kuma ga wanda ya riga ya karɓi maganin sau biyu, na ƙarshe ya wuce ba tare da matsala ba, abin da bincike ya nuna shi ne saurin ba ya ƙara yawan boren da jiki ke yi wa maganin. Amma hujjar tana da iyaka, kuma akwai marasa lafiyar da ba a yi musu gaggawa ko da sun roƙa, saboda haka ya kamata ki fahimci inda haɗarin yake domin ki san abin da za ki tambayi likitocin.

Mayeloma kansa ce ta ƙwayoyin filasma, wato ƙwayoyin da ke zaune cikin ɓargo suna ƙera sinadaran garkuwar jiki da ake kira antibodi. Idan suka lalace suka hayayyafa fiye da ƙima, sai su cinye ƙashi, su hana ɓargo samar da jini, su kuma wahalar da ƙoda. Daratumumab shi ma antibodi ne, amma wanda aka ƙera a masana'anta domin ya nemo wata alama mai suna CD38 da ke jibge a bayan ƙwayoyin mayeloma, ya manne mata, ya jawo garkuwar jiki ta zo ta hallaka ƙwayar. Kamfanin Genmab na ƙasar Denmak ne ya samar da shi, Janssen ke sayar da shi da sunan Darzalex, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da shi a watan Nuwamba na 2015. Matsalar ita ce ba ƙwayoyin kansa kaɗai ke ɗauke da CD38 ba. Akwai ta a jikin wasu ƙwayoyin garkuwa masu lafiya, akwai ta kaɗan a jajayen ƙwayoyin jini, akwai ta kuma a hanyoyin numfashi. Shi ya sa boren da jiki ke yi wa wannan magani ya fi fitowa ta hanci da maƙogwaro da ƙirji, kamar yadda ya faru ga Baba, maimakon ƙaiƙayi da borin jini da mutane suka fi sani.

Tsoron wannan bore ne ya sa kamfanin ya tsara ƙarin ruwan a hankali, kuma lissafinsa a fili yake. Ana ba da miligiram 16 ga kowane kilo na nauyin mutum, wato mai kilo 70 zai karɓi miligiram 1,120. A karon farko ana zuba wannan a ledar ruwan gishiri mai mililita 1,000, a saita injin tura ruwa a kan mililita 50 a awa, sannan a ƙara 50 bayan kowace awa har a kai 200, inda ake tsayawa. Awa uku na farko mililita 300 kawai ke shiga, sauran 700 kuma su ci awa uku da rabi, jimilla awa shida da rabi idan ba a tsaya ko sau ɗaya ba. A karo na biyu, idan na farko ya wuce lami lafiya, ana rage ruwan zuwa mililita 500, ya ɗauki awa huɗu. Daga na uku ana farawa da 100 a awa, a gama cikin awa uku da kwata. Ki haɗa da magungunan share fage da ake bayarwa awa ɗaya zuwa uku kafin a fara, da jiran sakamakon gwajin jini, da jiran a haɗa maganin, za ki ga dalilin da ya sa ranar magani take cinye wuni guda.

Ga yadda boren yake a ɗakin ƙarin ruwa. Yawanci ba a mintocin farko yake zuwa ba, sai wajen awa ɗaya da rabi da farawa, lokacin da aka riga aka ƙara gudun ruwan. Mara lafiya zai fara jan hanci, ya yi gyaran murya sau biyu ko uku, ya ce maƙogwaronsa yana masa ƙaiƙayi, sai tari ya biyo baya, wani kuma ya kama rawar sanyi ya nemi bargo. Ma'aikaciyar jinya za ta tsayar da injin nan take, ta buɗe ruwan gishiri zalla domin kada jijiyar ta toshe, ta auna bugun jini da zafin jiki, ta maƙala masa na'urar auna iska a yatsa, a ƙara masa maganin borin jini ko allurar sitiroyid, a ba shi maganin buɗe ƙirji na shaƙa idan numfashinsa yana fito. Idan ya lafa, sai a ci gaba da gudun da bai wuce rabin wanda ake kai ba lokacin da abin ya faru. Mafi yawan mutane a haka suke ƙarasa ledarsu a ranar. Kaɗan ne abin ke tsananta musu har iska ta yi musu ƙaranci ko maƙogwaro ya kumbura, kuma wanda boren ya kai shi bakin mutuwa ba a sake ba shi maganin har abada.

Abin da ya fi muhimmanci ga tambayarki shi ne yadda boren ya kasu tsakanin ranaku. A alƙaluman da ke cikin takardar umarnin maganin ta Amurka, kimanin kashi 37 cikin 100 na marasa lafiya ne suka yi bore a karon farko, kashi 2 a karo na biyu, sannan kashi 6 idan aka tara dukkan sauran karon da suka biyo baya, komai yawansu. Ranar da aka fi tafiyar hawainiya ita ce ranar da aka fi samun matsala, ranakun da aka fi sauri kuma su ne mafi kwanciyar hankali. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa haɗuwar farko tsakanin maganin da jiki ita ce babbar musabbabi. A ranar farko maganin yana tarar da alamar CD38 ko'ina a buɗe, ya manne wa ƙwayoyi masu ɗimbin yawa a lokaci guda, su kuma su saki sinadaran da ke tayar da kumburi. Bayan nan yanayin ya sauya. Daratumumab yana daɗewa a jini na makonni, saboda haka idan aka zo mako na biyu na baya yana nan bai fita ba, ya riga ya rufe wuraren mannewa. Yawan CD38 a bayan ƙwayoyin ya ragu, kuma wasu ƙwayoyin garkuwa masu ɗauke da alamar su ma sun ragu ƙwarai. Kamar baƙo ne da karnukan gida suka yi wa haushi ranar da ya sauka, wanda zuwa kwana na uku ko ɗaga kai ba sa yi idan ya shigo.

A kan wannan fahimta ce masu harhaɗa magunguna da likitoci na Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka suka gwada tsarin minti 90, suka wallafa sakamakon a mujallar Leukemia a 2018. Sun ɗauki marasa lafiya 28 waɗanda suka riga suka karɓi maganin aƙalla sau biyu a gudun da aka saba, suka ba su kashi 20 cikin 100 na maganin cikin minti 30 na farko, sauran kashi 80 kuma cikin awa ɗaya. A ledar mililita 500, wannan yana nufin kusan mililita 200 a awa da farko, sannan wajen 400 a awa, wato ninkin iyakar da kamfanin ya gindaya. Babu wanda ya yi bore mai tsanani, mutum ɗaya ne kawai jininsa ya hau zuwa matakin da ake kira matsakaici. Tsarin ba su suka ƙago shi daga sama ba. Sun aro shi ne daga wani antibodi mai suna rituksimab da ake jinyar kansar limfoma da shi, wanda shi ma borensa a karon farko yake taruwa, kuma FDA ta amince da ba da shi cikin minti 90 tun 2012 bisa wannan rabo na 20 da 80.

Mutum 28 ba su da yawa, kuma ba zan ɓoye miki haka ba. Masana ƙididdiga suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: idan aka gwada abu a kan mutane kaɗan ba a ga matsala ko ɗaya ba, sai a raba 3 da adadinsu domin a ga iyakar abin da zai iya ɓuya. Idan aka raba 3 da 28 za a sami kusan kashi 11 cikin 100, wato wancan bincike shi kaɗai bai isa ya kore yiwuwar mutum ɗaya cikin goma ya sami matsala mai tsanani ba. Abin da ya ƙarfafa gwiwar likitoci shi ne rahotannin da suka biyo baya daga asibitoci a Amurka da Kanada da Turai, waɗanda idan aka haɗa su sun ƙunshi ɗaruruwan marasa lafiya, kuma duk suka zo da labari iri ɗaya: bore a tsarin sauri kaɗan ne, mai sauƙi ne, kuma bai wuce abin da ake gani a karo na uku zuwa sama a tsarin da aka saba ba. Cikinsu har da mutanen da suka yi tari da toshewar hanci a ranar farko irin na Baba. Zuwan annobar korona a 2020 ya ƙara yaɗa tsarin, domin kowa yana neman hanyar rage zaman masu raunin garkuwa a asibiti.

Duk da haka akwai abu biyu da mai karanta waɗannan rahotanni da idon basira zai lura da su. Mafi yawansu bita ce ta fayilolin asibiti bayan an gama jinya, ba gwajin da aka raba mutane gida biyu da ƙuri'a aka kwatanta ba. Sannan waɗanda aka yi wa saurin zaɓaɓɓu ne, an riga an tace masu raunin zuciya da masu ciwon huhu da waɗanda suka sha wuya a baya. Saboda haka abin da hujjar ta tabbatar shi ne saurin yana da aminci ga wanda aka zaɓa da kyau, ba ga kowa ba. Ki kuma sani cewa takardar umarnin da FDA ta amince da ita ta tsaya a mililita 200 a awa, tsarin minti 90 kuwa kowane asibiti ne ke rubuta shi a matsayin ƙa'idarsa ta cikin gida. Wannan ba laifi ba ne a aikin likita, ana yin haka a magunguna da yawa, amma haƙƙin Baba ne a gaya masa, kuma haƙƙinsa ne ya ce ya fi son tsohon tsari ba tare da an ga baikonsa ba.

Batun ƙarfin magani kuwa, ki kwantar da hankalinki gaba ɗaya. Miligiram ɗin da za a ba shi cikin minti 90 su ne dai waɗanda za a ba shi cikin awa uku da kwata, ba a rage ko ɗigo ba. Maganin da ke shafe makonni yana yawo a jini ba ruwansa da bambancin awa biyu wajen shigarsa.

Yanzu ga waɗanda ni ba zan yi musu gaggawa ba, ko kuma sai na yi dogon nazari. Na farko shi ne mai raunin zuciya, musamman wanda mayeloma ta zo masa tare da cutar amiloyid, inda wani gurɓataccen furotin ke taruwa a naman zuciya ya sa ta yi tauri. A wurin irin wannan mutum, damuwar ba ta maganin ba ce kawai, ta ruwan gishirin ce: rabin lita cikin minti 90 ba komai ba ne ga lafiyayyar zuciya, amma zuciyar da ta gaza tana iya barin ruwan ya taru a huhu. Haka mai ciwon ƙoda da fitsarinsa ya ragu, kuma ƙoda tana cikin gaɓoɓin da mayeloma ta fi taɓawa. Sai mai asma da ba ta lafa ba ko daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu irin na masu shan taba, domin manyan gwaje-gwajen maganin ma sun ware masu tsananin wannan ciwo, kuma takardar umarni ta ba da shawarar a duba ba su magungunan shaƙa bayan ƙarin ruwan. Wanda ya yi bore a karon da ya gabata, ko ya taɓa yin mai tsanani, shi ma a tsohon gudu za a bar shi. Akwai kuma wanda ake yawan mantawa da shi, wato wanda ya yi hutun watanni bai karɓi maganin ba. Idan maganin ya fice daga jini, alamar CD38 takan dawo sannu a hankali, jiki ya koma kusa da yadda yake a ranar farko, don haka asibitoci da yawa sukan mayar da irin wannan mutum farkon tsari. Wannan ya shafi mutanenmu da ke jinya a ƙasashen waje kai tsaye, domin sau da yawa kuɗi ko biza kan yanke jinya, a dawo gida a yi watanni kafin a koma. Duk ranar da haka ta faru, ku faɗa wa likita ranar ƙarshe da aka sa masa maganin, kada ku bari a ɗauka jiya ya bari.

Game da Baba, tarin da toshewar hancin da ya yi a ranar farko ba su hana shi shiga tsarin sauri ba, tunda fiye da mutum ɗaya cikin uku haka suke yi, kuma karo na biyu ya wuce lafiya. Amma akwai tambaya ɗaya da nake so ki yi. Bisa ƙa'idar kamfanin, wanda ya yi bore a makon farko ba a rage masa ruwa zuwa mililita 500 a mako na biyu, ana maimaita masa lita guda ne. Idan haka aka yi wa Baba, to bai taɓa karɓar maganin a leda mai kauri ta 500 ba, kuma tsallakawa daga can kai tsaye zuwa minti 90 tsalle biyu ne a lokaci guda, ga kauri ga gudu. A ra'ayina ya fi dacewa a ba shi karo ɗaya na mililita 500 a gudun da aka saba, idan ya wuce lafiya sai a gaggauta a na gaba. Jinkirin mako ɗaya ba zai rage shi da komai ba. Idan kuwa na biyun ma 500 ne kuma ya ƙare ba tare da an tsaya ba, ban ga dalilin hana shi ba.

Hawan jininsa yana buƙatar kulawa amma ba shinge ba ne. Hawan jini yana cikin alamun boren maganin, sannan deksametason, wato sitiroyid ɗin da ake ba shi kafin a fara, yana ɗaga jini yana kuma ɗaga sukari, ga ruwan gishiri a kai. Abin da ake so shi ne a auna jininsa kafin a fara, idan ya hau sosai a jinkirta ko a koma tsohon gudu a ranar, a sake aunawa lokacin da za a ƙara gudu bayan minti 30, da kuma bayan an gama. Kada ya ajiye maganin hawan jininsa da kansa a safiyar ranar sai in likitansa ne ya ce. Ki tabbatar kuma an duba ƙarfin zuciyarsa da aikin ƙodarsa kwanan nan, domin daɗaɗɗen hawan jini yakan raunana su biyun ba tare da mai shi ya sani ba.

A karon farko na saurin, kada a sassauta komai daga magungunan share fage: sitiroyid, farasitamol, da maganin borin jini irin su difenhidiramin. Asibitoci da yawa suna ƙara ƙwayar montelukas mai miligiram 10, wadda asalinta maganin asma ce, domin an lura tana rage boren numfashi, musamman a ranar farko. Sauya abu biyu a rana ɗaya, wato a ƙara gudu a kuma rage magungunan kariya, kuskure ne, domin idan matsala ta faru ba za a san wanne ya jawo ta ba. Ya zauna aƙalla rabin awa bayan an cire ruwan a wannan karon, kada ya tuƙa mota saboda maganin borin jini yana sa barci, kuma wani ya kwana kusa da shi, domin bore yakan iya jinkirta zuwa bayan an koma masauki. Sarƙewar numfashi, kumburin fuska ko leɓe, zazzaɓi, ko dushewar gani kwatsam tare da ciwon ido, duk dalilai ne na komawa asibiti a daren ba sai gari ya waye ba. Ki kuma roƙi Baba kada ya yi dauriya irin ta dattawanmu, wadda mutum zai ji ƙirjinsa ya ɗaure ya yi shiru don kada ya dami ma'aikata. A gudun mililita 400 a awa, minti goma na shiru magani ne mai yawa.

Ribar saurin ba ƙarama ba ce. A tsarin da aka fi bi, ana ba da maganin kowane mako na mako takwas, sannan duk mako biyu har zuwa mako na 24, sannan duk mako huɗu, wato kusan sau 23 a shekarar farko. Idan aka cire biyun farko, aka rage awa ɗaya da minti 45 daga kowane, an ceto wa mutum fiye da awa 35 na zama a kujera da allura a hannu, ga wanda ƙashin bayansa ke ciwo ko da a kwance yake. Asibiti ma yana cin riba, domin kujerar da mutum ɗaya ke riƙewa za ta ɗauki biyu, kuma ba aibi ba ne a faɗi haka muddin zaɓen mara lafiya ya bi ƙa'ida.

Sauran antibodi na mayeloma ma hanyar nan suka bi, sai dai su saurin ya shiga takardunsu a hukumance. Isatuksimab na kamfanin Sanofi, mai suna Sarclisa, wanda shi ma CD38 yake nema kuma aka amince da shi a Amurka a watan Maris na 2020, ana haɗa shi a mililita 250, a fara da 25 a awa a karon farko, amma daga na uku ana sa shi a 200 a awa ya ƙare cikin minti 75. Elotuzumab, mai suna Empliciti, wanda ke neman wata alama daban, borensa bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba, kuma ana fara shi da rabin mililita a minti har a kai 5 a minti daga karo na uku. Amma kada ki ɗauki wannan darasi ki ɗora a kan sababbin antibodi masu kai biyu irin su teklistamab, waɗanda ke haɗa ƙwayar kansa da ƙwayar garkuwa gaba da gaba. Haɗarinsu wani iri ne daban, guguwar kumburi ce da ke zuwa bayan awanni ko kwana, kuma ana kauce mata ne ta fara da ɗan ƙaramin awo a riƙa ƙarawa.

Akwai kuma hanyar da ta kusa kawar da wannan muhawara a ƙasashe masu hali, wato daratumumab na ƙarƙashin fata. Ana haɗa miligiram 1,800 da wani sinadari mai buɗe wa ruwa hanya a cikin fata, a tura mililita 15 a fatar ciki cikin minti uku zuwa biyar. A gwajin COLUMBA, wanda aka raba marasa lafiya 522 gida biyu da ƙuri'a, kashi 41 cikin 100 na masu allurar fata sun sami sauƙin cutar, masu ƙarin ruwa kashi 37, bore kuwa kashi 13 ne a na fata, kashi 34 a na jijiya. An amince da shi a Amurka a watan Mayu na 2020. Ki tambaya ko asibitin yana da shi da kuma farashinsa. Ki lura awonsa ɗaya ne ga kowa, na jijiya kuwa da nauyin jiki ake auna shi, saboda haka ga mutum marar jiki da ke biya daga aljihunsa lissafin kuɗin yana iya bambanta.

Abubuwan da suka fi ba ni tsoro game da daratumumab ba su da alaƙa da gudun ruwa ko kaɗan. Maganin yana raunana garkuwa, yana rage fararen ƙwayoyin jini, kuma ciwon huhu irin na nimoniya yana cikin abin da ya fi kwantar da masu karɓarsa. Yana iya tayar da ƙwayar cutar ƙarambau da ta kwanta a jijiyoyi tun yarinta, ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki, shi ya sa ake fara maganin kariya irin su asaikulobir cikin makon farko, a ci gaba har wata uku bayan an daina. Yana kuma iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ya yi kwanton ɓauna, har ya kai ga hanta ta gaza, kuma wannan cuta ta yi yawa a Afirka ta Yamma, mutane da dama suna ɗauke da ita ba su sani ba. Idan ba a yi wa Baba gwajinta kafin a fara ba, a yi yanzu, har da gwajin da ke nuna wanda ya taɓa kamuwa ya warke.

Sai batun ƙarin jini, wanda zai taso ranar da kuka dawo gida. Tunda jajayen ƙwayoyin jini suna da ɗan CD38, maganin yana manne musu ya rikita gwajin dacewar jini, har ma'aikacin ɗakin gwaji ya ga kamar babu ledar jinin da ta dace da mara lafiya, kuma wannan ruɗani yana iya kaiwa wata shida bayan karo na ƙarshe. Rukunin jininsa na A ko B ko O da na Rh, wato fozitif ko negatif, bai sauya ba, gwajin ne kawai ke ruɗewa, kuma akwai hanyar warware shi da wani sinadari mai suna DTT wanda ba kowane ɗakin ajiyar jini ke da shi ba. Mai mayeloma kuwa yakan buƙaci jini ba shiri. Kafin ku bar Alƙahira, ku karɓi takarda daga asibitin mai ɗauke da rukunin jininsa, da sakamakon gwajin da aka yi masa kafin a fara maganin, da ranar da aka sa masa na ƙarshe, ku ajiye kwafi a wayarki da aljihunsa, ku kuma kai wa likitan jinin da zai ci gaba da duba shi a gida tun kafin buƙatar ta taso.